Lissafi da Hakkin Iyaye

Tun 1962 Jami'ar Ahmadu Bello take zaune a Samaru, amma sau da yawa yaro yakan girma a gindinta shiga ta gagare shi, gama bai ci lissafi a jarrabawar fita sakandare ba.

Waɗansu iyaye sukan ce ba su yi boko ba, ina nasu a ciki? Mu dai ba mu karɓi wannan hanzari ba. Lissafi maimaici yake so kullum. A rage wa yaro tsaron shago a kasuwar Sabon Gari, a ba shi fitila da sa'a guda bayan lisha. Uba ya riƙa buɗe littafinsa. Ko bai iya karatu ba, ai ya gane jan alƙalamin malami. In gyara ya yawaita, lalle ya je makaranta tun jarrabawa tana nesa.