Laulayin Cikin Fari Ba Lalaci Ba Ne

A gidajenmu amarya kan shafe wata biyu tana fama ita kaɗai. Ta yi ɓatan wata, zuciya na tashi, ƙamshin albasar da take soyawa kullum ya zame mata abin gudu. Yawu ya cika baki, ga kasala da barcin rana, ga zaryar fitsari, ƙirji ya cika ba ya son taɓi. Kunya ta hana ta faɗa wa mahaifiyarta, balle surukarta. Maigida kuwa ya ce zazzaɓin cizon sauro ne, ya garzaya kemis ya haɗo magani.

Nan tsorona yake. A watanni ukun farko ake halittar gaɓoɓin ɗa, kuma akwai magungunan da kan yi masa illa. Tsinken gwajin fitsari ya fi wannan haɗin araha. Sinadarin hCG da yake ganowa yana cikin abubuwan da ake dangantawa da tashin zuciyar. Laulayi kan soma wajen mako na 6, ya lafa wa yawancin mata a wata na huɗu. Kafin nan, ta ci abinci kaɗan-kaɗan, kada ta zauna da yunwa, ta riƙa kurɓar ruwa. Citta ma tana taimaka wa wasu.

Amma ba komai ake yi wa haƙuri ba. Zubar jini, ciwon mara mai tsanani musamman a gefe ɗaya, zazzaɓi, ko aman da ko ruwa ba ya bari ya zauna, asibiti suke nema a ranar. Ciwon gefe ɗaya na iya nufin cikin ya zauna a wajen mahaifa, kuma yana kisa.

Mun saba sai ciki ya turo riga ake zuwa awo. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a je sau 8, na farko cikin makonni 12. A can ake ba mai ciki maganin ƙarin jini da folik asid, mai kare laka da ƙwaƙwalwar jariri, wanda amfaninsa ya fi yawa a makonnin farko.

Iyaye mata, kun bi hanyar nan, kun san alamunta. Ranar da kuka ga yarinya tana kauda kai daga tukunya, ku ja ta ɗaki ku tambaye ta. Kai kuma ango, kada ka kira ta raguwa. Ɗauke mata girki, ka raka ta awo.