Kajin Ƙanƙara: Me Suka Ci Kafin Su Iso Tukunyarmu?

A shekarar 2021 Tarayyar Turai ta sassauta dokar da ta kafa tun 2001 saboda cutar haukan shanu. Yanzu an yarda a zuba sarrafaffen furotin na alade da na ƙwari a abincin kaji, bisa binciken EFSA, hukumar tantance lafiyar abinci da ke Parma a Italiya.

Ba mu raina aikin masanan ba, amma fa tambaya ɗaya suke amsawa: abin nan zai cutar da jiki? Halal da haram ba huruminsu ba ne.

To, ina ruwanmu? Da yawa daga kajin ƙanƙarar da ake sauke wa a tashar Tema daga Turai suke, kuma su ake soyawa a Nima da zangon Kumasi. Kwali kan nuna tambarin halal, amma ba ya faɗin abin da kazar ta ci.

Muna kira ga hukumar FDA ta Ghana ta tilasta wa 'yan kasuwa bayyana wannan. Ofishin Babban Limamin Ƙasa kuma ya tara malamai su fayyace mana hukunci. Mai saye da kuɗinsa ya cancanci sanin abin da yake ci.