Kafin Ka Tambayi Daɗin Miya, Tambayi Inda Za Ka Ajiye Mota



Duk wanda ya daɗe a Abuja ya san wannan wayar: "Ga mu a Zuba, yanzu za mu shigo." Kawu ne ya taho ganin likita a Asibitin Ƙasa, ko goggo za ta tashi Umara ta filin jirgin Nnamdi Azikiwe, ko abokin kasuwanci daga Kano yana bin wata takarda a ma'aikata. Kana ofis, gidanka kuma yana Kubwa ko Lugbe ko Mararaba, ba halin a ɗora tukunya. Cikin sa'a guda dole ka san inda za ka kai su su ci abinci.

Idan ka nemi shawara, nan take za a jero maka sunayen gidajen abinci na Wuse II da Maitama, kowa yana yabon inda ya ji daɗin miya. Da wuya ka ji wanda ya ce, "Baƙin su nawa ne? Motoci nawa? Akwai dattijo a cikinsu?" Ni kuwa a ganina waɗannan su ne tambayoyin farko. A garin nan, gidan abincin da ya dace da baƙo shi ne wanda za ka shiga da motarka har cikin harabarsa, ka samu wurin zama ba tare da ka kama tebur tun jiya ba. Daɗin girki yana da muhimmanci, amma bayansu yake zuwa.

Ya kamata mu fahimci yadda aka yi muka tsinci kanmu a wannan matsi, domin birnin nan tsara shi aka yi, ba tsirowa ya yi ba. A 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta kafa dokar samar da sabon babban birni, aka kammala taswirarsa a 1979, gwamnati ta tare a ranar 12 ga Disamba, 1991. Taswirar ta ware unguwannin zama daban, wuraren kasuwanci daban. Amma da jama'a suka yi yawa, sai gidajen kwana da ke bakin manyan tituna suka riƙa komawa shaguna da bankuna da gidajen abinci. Wanda ya san titin Aminu Kano da na Adetokunbo Ademola a Wuse II, ko titin Gana a Maitama, ko Gimbiya a Area 11, ya ga wannan da idonsa. A 2025 ma sai da hukumar Birnin Tarayya ta sa tarar naira miliyan 5 a kan masu gine-ginen da suka sauya amfaninsu ba da izini ba a waɗannan tituna. Tara dai ba ta ƙara faɗin fili. Gidan da aka gina don iyali ɗaya mai mota biyu ko uku, yau shi ke karɓar mutum sittin da rana tsaka.

Mu yi ɗan lissafi. Mota ɗaya, idan aka haɗa da hanyar shiga da ta juyawa, tana cin kusan murabba'in mita 25. Fulotin da muka saba da shi, mai ƙafa 50 da 100, bai kai murabba'in mita 470 ba. Ke nan ko ba a aza bulo ɗaya a kansa ba, motar da zai ɗauka ba ta kai 20 ba. Gidan abinci mai kujera 60, idan kowace mota ta kawo mutum biyu, yana bukatar wurin mota 30. Ina sauran za su? Bakin titi, kan hanyar masu tafiya a ƙasa, ko ƙofar gidan maƙwabci.

Ga shi kuma an rage wa mutane hanyoyin zuwa ba da mota ba. An hana acaɓa a tsakiyar birni tun 2006, an kori ƙananan bas-bas a 2013, an taƙaita keke Napep a 2019. Jirgin ƙasa na cikin gari da aka sake buɗewa a Mayun 2024 yana zuwa Idu da filin jirgi da ɓangaren Kubwa, amma ba ya shiga Wuse II ko Maitama. Saboda haka duk mai hali da motarsa yake fita cin abinci, kowa kuma a sa'a ɗaya.

Wani zai ce ai abin bai kai a yi rubutu a kansa ba, fakin ne kawai. To, a duba abin da ke biyo baya. Motar da aka bari a inda aka hana tsayawa, ana iya janye ta, kuma tarar da ɓata lokacin sun fi kuɗin abincin. Motar da aka bari can nesa a lungu da jakar baƙo a kujerar baya, da fasfo da takardun asibiti a ciki, tayi ce aka yi wa masu fasa gilashi. Dattijon da ke fama da gwiwa, ka sa shi tsallaka titi mai hannu biyu a tsakar rana, ka riga ka rage wa karramawar daraja tun kafin a kawo ruwa. Sannan ga wanda za a taso shi yana tsakiyar loma, wai ya zo ya matsar da mota ya tare wani. Mun taso muna jin "baƙonka annabinka". Ba a kai irin wannan baƙon inda mai masaukinsa zai ci abinci ido ɗaya a kwano, ɗaya a taga.

Kada kuma mu ɗauka bakin titi zai dawwama kyauta. An taɓa karɓar kuɗin fakin a titunan birnin nan, har Babbar Kotun Birnin Tarayya ta dakatar da tsarin a Afrilun 2014 saboda ba shi da dokar da ta kafa shi. A 2023 hukuma ta sake sa hannu da kamfanoni don dawo da shi. Wani malamin jami'a a Amurka, Donald Shoup, ya rubuta littafi guda a 2005 yana nuna cewa babu fakin na kyauta: ko dai ka biya a ƙofa, ko a cikin kuɗin abinci, ko da man da ka ƙona kana zagaye. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, zagaye uku a Wuse II ba wasa ba ne. Don haka ni ba na jin haushin wurin da ya karɓi ɗan kuɗi a ƙofa, muddin akwai maigadi da shinge.

Akwai masu cewa a bar mota a gida a hau Bolt ko Uber. Ga mutum ɗaya ko biyu, shawara ce mai kyau, kuma ta fi tsayar da motar da ba ka sani ba a bakin hanya a wannan zamani na 'yan wan-cans. Amma baƙin da suka taho daga Katsina ko Sakkwato da motarsu cike da kaya, dole motar nan ta tsaya wani wuri. Akwai kuma masu cewa yawan motoci a ƙofa shi ne shaidar iya girki. Wani lokaci haka ne. Sau da yawa kuma shaidar ƙarancin fili ce kawai.

To ina za a nufa? Ba zan ambaci sunan wani gidan abinci ba, don kada a ce sakatare yana talla, kuma wurare suna sauya hannu. Amma ga yadda nake auna su.

Na farko, wuraren da tun asali aka gina su don jama'a: manyan rukunan shaguna irin su Jabi Lake Mall, da otal-otal masu faɗin haraba. Akwai fili, akwai masu gadi, akwai abinci iri-iri, kuma ba a tambayarka ko ka kama wuri. Otal ya fi tsada, wannan gaskiya ne, sai a ajiye shi don baƙon da ya cancanci hakan.

Na biyu, unguwannin da ke gefen tsakiyar gari, irin su Jabi da Utako da Life Camp da Gwarinpa, inda ake samun gidajen abincin da ke da nasu filin. A nan ma a lura, domin 3rd Avenue ta Gwarinpa da yamma ba ta da maraba da Wuse II.

Na uku, a sayi abinci a tafi da shi. A ɗauki tsire ko balangu ko gasasshiyar kaza, a biya Area 1 a sayi kilishin tsaraba, a wuce masauki ko Millennium Park a shimfiɗa tabarma. Iyali masu yara sun fi sakewa a haka fiye da zaman kujera.

Lambunan shaƙatawa da kasuwar gasasshen kifi ta barikin Mogadishu suna da nasu masoya, amma da yawa daga irin waɗannan wurare ana sayar da giya, ga kiɗa da dare. Kafin ka kai surukinka ko malaminka, ka fara zuwa kai kaɗai ka gani. Duk inda za ka, ka tambayi abu biyu bayan fakin: daga ina namansu yake, kuma akwai wurin alwala da salla? Abincin rana a garin nan yana faɗawa tsakanin Azahar da La'asar, na dare kuma yana haɗuwa da Magariba.

Lokaci ma rabin dabara ne. Daga ƙarfe 1 zuwa 3 na rana a ranakun aiki, ma'aikata ne ke cika ko'ina. Wanda ya isa 12 ko ya bari sai bayan La'asar, zai zaɓi wurin da yake so. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a guji tsakiyar gari. Asabar da Lahadi kuwa Garki da Central Area sukan yi fayau, domin masu cika su suna gida.

Game da kama tebur, ba na adawa da shi a kan kansa. Mai gidan abinci yana so ya san yawan abin da zai dafa, kuma yana da gaskiya. Abin da nake cewa shi ne, wurin da ba ya karɓar mutum huɗu sai da sanarwar kwana guda, bai dace da irin baƙuncinmu ba. Amma mu ma akwai namu. Idan mun kai goma, ko taron kwamiti ne, ko buɗa-baki a watan azumi, ladabi ne a buga waya ko da sa'a biyu kafin zuwa, a faɗi yawan mutane da yawan motoci. Idan kuma aka fasa, a sake kira a faɗa. Wanda aka ajiye wa tebur bai zo ba, ya sa mai sana'a asara, ya kuma ɓata wa na bayansa.

Sai kira ga 'yan uwanmu masu sana'ar abinci, maza da mata, masu tuwo da masa da dambu da fura. Kafin ku biya kuɗin hayar shago, ku tsaya a ƙofarsa da ƙarfe 2 na rana ku ƙirga motocin da za su iya tsayawa. Shago mai sauƙin haya a bayan babban titi, da fili da inuwa da maigadi da tabarmar salla, zai riƙe mai iyali fiye da ƙyale-ƙyalen fitilu a inda ba wurin tsayawa. Idan akwai ofis kusa da ku da filinsa ke zama fanko da yamma, ku nemi yarjejeniya da su.

Shawarata ga kowane memba ita ce ya tanadi wurare uku a ransa tun kafin wayar ta shigo: ɗaya kusa da wurin aikinsa, ɗaya a hanyar filin jirgi, ɗaya a hanyar gida. Ya je da kansa, ya ga ƙofar shiga, ya ga banɗaki, ya ɗanɗana miyar, ya karɓi lambar wayarsu. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Wanda ya san wani wuri da ya cika waɗannan sharuɗɗa, ya kawo sunansa taron wata mai zuwa, mu haɗa jeri ɗaya kowa ya amfana.

Allah Ya ba mu ikon sauke haƙƙin baƙinmu, Ya kai kowa gidansa lafiya.

Sakataren Ƙungiya