Kafin ka sayi mikisa, fara sanin abin da ke bi ta cikin kebul

Makon jiya wani yaro ya zo shagona a nan Rano daga Kibiya, ya ce wayarsa ta kurumce. Ba ta ƙara, ba ta ɗaukar murya. Da na matsa masa da tambaya sai ya ce a wajen biki ne, yana so ya naɗi kiɗan da abokinsa ke bugawa a fiyano, sai ya jona wayar a bayan amfilifaya, wurin da ake jona sifika. Na buɗe, IC ɗin sauti ya ƙone. Kuɗin gyaran ya fi abin da aka biya su a bikin.

Ni a ganina matsalar matasanmu masu son haɗa kiɗa ba rashin kaya ba ce. Mutum zai tara kuɗi ya je Sabon Gari ya sayo Yamaha PSR, irin fiyanon da aka daɗe ana buga waƙoƙin finafinan Hausa da shi, ya haɗa da mikisa, amma bai san bambancin ramukan da ke bayansu ba. Duk inda kan kebul ya shiga, shi ke nan.

To ba haka ba ne. Abin da ke fitowa daga makirfo ɗan mitsitsi ne, bai kai bolt ɗaya ba ko kusa. Na fiyano, wurin da aka rubuta AUX OUT ko PHONES, yana kai kimanin bolt ɗaya. Na bayan amfilifaya kuwa yana iya kai bolt 20, 30, har sama. Ramin makirfo na wayarka an yi shi ne don na farkon. Ka ga wanda ya ɗura masa na ukun, ai wuta ya ba shi.

Sai MIDI, wanda ya fi rikita mutane. Tun 1983 ake amfani da shi, kuma babu sauti ko kaɗan a cikinsa. Saƙo kawai yake kaiwa: an danna maɓalli kaza, da ƙarfi kaza, an saki. Shi ya sa wani zai jona ya ce kebul ɗin jabu ne don bai ji komai ba. OUT na wannan yake shiga IN na wancan, ba OUT da OUT ba. In fiyanonka na da ramin USB TO HOST, kebul ɗin firinta da ɗan OTG sun isa, domin Android ta karɓi MIDI tun daga Android 6 a 2015.

Shawarata, kafin ka kashe kuɗi, haɗa ƙaramin injin sauti da hannunka. Nemi IC mai lamba 555, wanda ya fito tun 1972 kuma har gobe ana sayar da shi wajen masu kayan gyaran rediyo. Ƙafa ta 8 da ta 4 su tafi kan fositib na batir mai bolt 9, ta 1 ta tafi negatib. Resista 1k tsakanin 8 da 7. Abin murɗa ƙara na tsohuwar rediyo, mai 100k, tsakanin 7 da 6. Haɗe 6 da 2, ka sa kafasita mai lamba 104 daga 2 zuwa negatib. Daga ƙafa ta 3 ka bi ta kafasita 10uF zuwa ƙaramar sifika. Murɗa ka ji: daga gurnani har ya koma tsiwa kamar sauro. Duka kayan ba su kai kuɗin gilashin waya ɗaya ba.

Na san wani zai ce, ai FL Studio Mobile na yin abin da ya fi wannan sau dubu. Gaskiya ne, ni ma ina da shi. Amma manhaja ba za ta nuna maka a mita cewa wannan ɗan abin na batir yana fitar da bolt da yawa a ƙafa ta 3 ba. Ranar da ka gani da idonka, hannunka zai riƙa tsayawa kafin ka soka kebul.

Mu masu gyaran waya ma da laifinmu. Muna da mita, muna da dalma, amma mun tsaya a canjin gilashi da bakin caji, alhali masu kiɗan biki daga Rano har Kibiya sai sun kai kayansu Kano.

In ka gama haɗawa kana so ka kai shi mikisa, sa wani abin murɗawa mai 10k a tsakani, ka fara daga ƙasa, ka shiga ta LINE. Maɓallin nan da aka rubuta 48V kuma, tabbatar a kashe yake.