Ana Muzuru Ana Shaho: Hasarar 'Yan Tsakin da Ba a Lissafawa

Bahaushe ya ce zakaran da Allah ya nufa da cara, ana muzuru ana shaho sai ya yi. Karin magana ce ta ƙarfafa zuciya, shi ya sa ake yawan jefa wa ɗalibi da ɗan kasuwa da ɗan takara ita. Amma idan aka mayar da ita inda ta fito, wato tsakar gida, sai a tarar tana ɗauke da wani labari na daban: kafin zakara ɗaya ya kai ga cara, 'yan'uwansa nawa ne suka tafi a bakin muzuru da faratan shaho? Duk mai kiwon kajin gida ta san amsar, ko da ba ta taɓa rubutawa ba. Ba abin mamaki ba ne kaza ta sauko daga kwanci da 'yan tsaki goma, bayan wata biyu a gan ta tana jan uku ko huɗu. An saba da wannan har ya zama kamar harajin da ake biyan daji, alhali kuwa mafi yawansa abu ne da ake iya karewa da kuɗin da bai kai na zakara biyu ba.

Ya kamata a fara da sanin matsayin kaza a gidan talaka. Ita ce asusun mace. Da ita ake fita kunyar baƙo, da ita ake sayen magani idan yaro ya kwana da zazzaɓi, kuma daga kuɗinta ake haɗa na 'yar akuya. Kazar Hausa ba ta da yawan ƙwai: takan yi goma zuwa sha biyar, ta kwanta a kansu kwana 21, ta yi reno, sannan ta sake, sau uku ko huɗu a shekara. Ɗan tsako kuma yana buƙatar kamar wata shida kafin ya zama abin kai wa kasuwa. Saboda haka ranar da shirwa ta sauko ta ɗauki ɗaya, kuɗin wata shida masu zuwa ta tashi da su, kuma babu mai biyan diyya.

Maƙiyan kaza sun raba aiki tsakaninsu, wasu na rana, wasu na dare. Da rana sararin sama na shirwa ne da shaho. Shirwa ba ta tsoron mutane. Tana shawagi a kan mahauta da juji da kasuwa, don haka gidan da ke kusa da waɗannan wurare ya fi kowa shan wahalarta. Shaho ɗan kwanto ne, yakan lafe a kan bishiya ya jira uwar ta juya baya. Hankaka shi ma ba a bar shi a baya ba, musamman ga ƙwan da aka yi a fili. Da dare kuwa aiki ya koma ƙasa: muzuru, da gafiya, da ɓera, da maciji, da karen da ba shi da mai shi. A ƙauyukan da ke bakin fadama ko gefen daji akwai ƙarin tunku da guza, waɗanda ba sa jiran duhu.

Kowane ɗaya yana barin shaidarsa, kuma sanin shaidar shi ne rabin magani, domin wanda bai san ɓarawonsa ba zai yi ta toshe ƙofar da ba ta nan ake shiga ba. Idan ɗan tsako ya ɓace tsakar rana ba jini ba gashi, bayan an ji uwar ta yi kururuwa, daga sama aka zo. Idan aka wayi gari aka tarar da kaji biyu ko uku a mace da cizo a wuya, mai ƙafa huɗu ne. Ƙwan da ya ɓace ɗungurungum ba a ga ɓawo ba, a binciki ramukan da ke gindin katanga, maciji na kusa. Wanda aka huda aka shanye aikin baki ne ko haƙori. Idan kuwa babban zakara ne ya ɓace ana saura kwana uku Sallah, ba gashi ba kururuwa, to wannan mai ƙafa biyu ne, kuma wataƙila yana cikin waɗanda suka zo jaje.

Yanayi ma yana da nasa rabo. Da damina ciyawa kan rufe bayan gida ta zama maɓoya, ruwa ya jiƙa 'yan tsaki sanyi ya kama su, zabi kuma su tafi jeji su yi ƙwai inda kowa ke iya riga mai su. Da hunturu cuta ce ke shara.

A nan ne ake yawan kuskuren lissafi. Ana raba hasarar kaji gida biyu, a ce wannan ta cuta ce, waccan ta dabbobi ce, kamar babu abin da ya haɗa su. Shirwa ba ta zaɓar ɗan tsakon da ya fi kuzari. Wanda yunwa ko ciwo ya bari a baya shi take samu. Uwar da ba a ba ta ko tafin dusa da safe ba dole ta ja 'ya'yanta zuwa juji ko bayan gari neman abinci, nesa da inuwa, nesa da idon mutane. Sau da yawa mafaraucin yakan zo ne ya ƙarasa aikin da yunwa da ƙishirwa da cuta suka fara. Cutar Niyukasil, wadda ke share kajin unguwa guda cikin 'yan kwanaki, tana da rigakafi tun tuni. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana yin irinsa da ake kira I-2, wanda ke jure zafi fiye da sauran, ana ɗiga shi a ido, a maimaita bayan wata uku ko huɗu. Matsalarsa ɗaya ce: kwalba guda ta kaji masu yawa ce, kuma da an haɗa ta ba ta jira. Mai kaji bakwai ba za ta saya ita kaɗai ba, amma mata ashirin na layi ɗaya za su iya.

To, me ya sa akurki mai kyau ya yi ƙaranci a gidaje, alhali kowa ya san amfaninsa? Talauci yana ciki, amma bai isa ya zama dukan dalili ba, tunda gidan da ya iya gina turken tumaki zai iya gina ɗakin kaji. Babban dalili shi ne kaza ta mace ce, fili da gini kuwa na namiji ne. Ita ce ke jin zafin hasarar, shi ne ke da ikon cewa a kwaɓa ƙasa a ɗora bulo a wannan kusurwa. Maigida yakan tuna da kaji ranar da ya yi baƙo, ya manta da su ranar da ake maganar ragar waya. A birni kuma ga gidan haya, inda mai gida ba zai yarda a yi gini ba, maƙwabciyar ɗaki kuma tana ƙorafin kashi a bakin ƙofarta. Sai kaji su koma kwana a madafa, ko ƙarƙashin tsohon turmi, ko kan reshen dalbejiya. Duk shirin da zai yi wa mata wa'azin tsabtar akurki bai yi magana da mazajensu da masu gidajen haya ba, ya yi wa wadda ba ta da iko bayani ne kawai.

Akwai masu ganin cewa duk wannan wahalar banza ce, a bar kajin gargajiya, a kawo ingantattun iri a kulle su gaba ɗaya. Ra'ayin yana da hujja. Cibiyar binciken kiwon dabbobi ta Shika, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, ta samar da Shika Brown; Jami'ar Aikin Gona ta Abeokuta ta samar da FUNAAB Alpha; ga kuma Noiler da ta cika kasuwannin Arewa. Duk sun fi kazar Hausa ƙwai ko nama, kuma kazar da ke kulle shirwa ba ta ganinta. Sai dai kazar da aka kulle, duk ƙwayar da za ta ci sai an saya mata. Tsadar masara da waken suya a 2023 da 2024 ta durƙusar da gonakin kaji da dama masu jari da ma'aikata, balle matar da jarinta bai wuce dusar da ta rage bayan surfe ba. Ribar kazar Hausa tana cikin ciyar da kanta da take yi. Ga shi kuma tana da abin da ingantattun suka rasa da yawa: launin da ke sajewa da ƙasa, da saurin tashi sama, da kwanci, da zafin uwa. An ce kaza mai 'ya'ya ke tsoron shirwa. Wannan tsoron kansa dukiya ne, domin shi ke sa ta ga inuwa a ƙasa ta yi kira 'ya'yan su watse. Kaza mai nauyi da aka ƙyanƙyashe a inji, idan aka sake ta a tsakar gidan da ba shi da kariya, an yi wa muzuru walima ne. Abin takaici, haka rabon tallafi yakan ƙare: a miƙa wa mace kwalin 'yan tsaki a ɗauki hoto, ba akurki, ba rigakafi, ba mai komowa bayan wata biyu ya ƙirga nawa suka rage.

Hanyar da ta fi dacewa da aljihun talaka ita ce kulle na lokaci biyu kawai: kowane dare ga dukan kaji, da kuma makonni shida zuwa takwas na farko ga 'yan tsaki. Akurkin ƙasa na gargajiya mai ƙaramar ƙofa yana hana muzuru, amma ba iska a cikinsa, ba ya sharuwa, ƙuma da kaska kuma suna samun mazauni a tsagoginsa. Gyaransa ba wuya: a ɗaga shi daga ƙasa, a buɗe tagogin iska a sama a rufe su da raga, a yi ƙofar da hannu da tsintsiya za su shiga, a riƙa zuba toka ana shafe bango da farar ƙasa. Ragar ma akwai zaɓi a cikinta. Wadda aka fi sayarwa, mai faɗin ido, an yi ta ne don ta hana kaza fita. Ɓera da ƙaramin maciji suna ratsa ta. Mai ƙananan idanu ta fi tsada, amma tunda taga kaɗai za a rufe, abin da ake buƙata kaɗan ne. Ƙofa kuma sakata take so. Dutsen da ake jinginawa kare yana ture shi.

Ga 'yan tsaki, babban kwandon saƙa da ake kifawa ya wadatar, a riƙa matsar da shi zuwa sabon wuri a inuwa, da kaskon ruwa marar zurfi da aka zuba wa tsakuwa don kada su faɗa. Abincinsu tsaki ne da dusa da gara. Tarkon gara tsohuwar dabara ce da masu kiwon zabi suka ƙware a kai: a cusa kara da busasshen kashin shanu a tsohuwar tukunya, a yayyafa ruwa, a kifa a bakin shuri, da safe a ɗauko. Wasu suna shafa wa 'yan tsaki garura don su rikita shirwa. Ko da hakan ya yi aiki a sama, ba ya hana gafiya da dare. Tsakar gidan da aka share fes babu ko rumfa ita ma tarko ce, domin ɗan tsako yana buƙatar wurin da zai shige cikin ƙiftawar ido: ƙarƙashin rumbu, ko tarin ƙaya, ko gindin zogale.

Abin da ya kamata a yi tir da shi shi ne guba. Wanda ya fusata yakan barbaɗa maganin ƙwari a gawar ɗan tsako ya ajiye a bayan gida. Gubar ba ta tambayar sunan wanda ya ci. Tana kashe kyanwar maƙwabta, wadda ita ce ke rage ɓeraye, tana kashe kare, kaji ma kan tsattsagi ragowar, ga yara suna wasa a wurin. Tana kuma kai wa ga ungulu, wadda tun 2015 aka sa irinta da aka saba gani a mahautanmu cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya. Gaskiya ne hadisi ya ambaci shirwa da hankaka da ɓera da kare mai cizo cikin halittun da aka yarda a kashe saboda cutarwarsu, kuma abin lura ne cewa dukansu maƙiyan kaza ne. Amma izinin kawar da mai cutarwa bai zama izinin watsa guba inda marar laifi zai ci ba. Bayan haka ma, kashe shirwa ɗaya ba ya rage komai muddin juji da mahauta suna nan suna kiran wasu.

Nauyi na ƙarshe yana kan masu ilimi da masu mulki. Tsangayoyin aikin gona da na likitancin dabbobi suna yaye ɗalibai kowace shekara, kuma kundayen da yawa kan kajin gona suke, inda lissafi ke da sauƙi. Ana buƙatar waɗanda za su zauna da matan unguwa ɗaya shekara guda, su rubuta kowane ɗan tsako da ranar ƙyanƙyasarsa da abin da ya kashe shi, sannan su mayar da sakamakon cikin Hausa, a rediyo da makarantun Islamiyya na matan aure, inda masu kajin suke. Sassan aikin gona na ƙananan hukumomi kuwa, maimakon kwalin 'yan tsaki, za su iya horar da mace ɗaya ko biyu a kowace mazaɓa kan ɗiga rigakafi, a bar su su karɓi ɗan lada a kan kowace kaza, a kuma nuna wa kafintoci da masu walda na kasuwannin ƙauye samfurin akurki mai ƙafafu wanda mai haya za ta iya ɗauka ranar tashi. Kuɗinsa kuma ba sai an jira gwamnati ba: kwasar adashi ɗaya tana iya sayen raga da sakata na gida biyu.