Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Shugaban Hukumar Bunƙasa Fasahar Sadarwa ta Ƙasa (NITDA), Malam Kashifu Inuwa Abdullahi



Kuka na kawo kan shafukan gwamnati na intanet. Sun gwanance wajen karɓa. Da aka tilasta asusun bai-ɗaya a 2015, ta shafin Remita aka koma biyan kuɗin gwamnatin tarayya. A Disamban 2020 aka ce kowa ya haɗa layinsa da lambar NIN ko a toshe, jama'a suka yi ta shan rana a kan layi. In dai gwamnati ce ke neman kuɗin talaka ko bayanansa, hanya a share take.

In talaka ne ke da magana fa? An buɗe shafin Open Treasury a 2019 domin a ga yadda ake kashe dukiyar ƙasa, aka ƙaddamar da Eyemark a 2022 domin jama'a su bibiyi ayyukan kwangila. Tunani ne mai kyau, ban raina ba. Sai dai wanda ya fi kowa sanin ranar da ɗan kwangila ya kwashe komatsansa ya bar asibitin ƙauye ba rufi, manomin da ke wucewa ta wurin kullum ne. Ba ya jin Turanci, wayarsa ƙarama ce mai madannai, kuma ko fom zai cike sai ya biya yaron kafe, ya damƙa masa sirrinsa. Kai mutumin Haɗeja ne, ba sai an kwatanta maka shi ba.

Maganin na hannun hukumarka, tunda ma'aikatun tarayya sai da sahalewar NITDA suke fara aikin fasahar sadarwa. Ka gindaya sharaɗi: duk shafin da za a yi wa jama'a ya zo da Hausa da sauran manyan harsunanmu, fassarar mutum wadda ake ganewa. A ba da damar aika saƙon murya, da lambar da ƙaramar waya za ta danna ba da data ba.

Abin da ya fi damuna shi ne amsa. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa wa mai tambaya. Me zai hana ƙorafin da aka shigar ta shafi ya samu irin wannan wa'adi, da lambar bibiya, da ofishin da za a tuhuma in aka ji shiru? Sannan duk wata uku a wallafa ƙorafi nawa kowace ma'aikata ta karɓa, nawa ta warware.

Wassalam.
Naka, wani ɗan ƙasa daga Kano.