Tumbi Ba Rawani Ba Ne



Akwai wata ba'a da ta yi yawa a majalisunmu na Aboabo da Asawase da Sawaba, har ta zama abin taɗi a teburin mai shayi. Da zarar an ji cewa wani dattijo ya sayi keken nan na motsa jiki da ake girkewa a ɗaka, sai a ce wane ya hau keken da ba ya zuwa ko'ina, ya yi sammako tun asuba amma har hantsi bai wuce ƙofar ɗakinsa ba. A kwashe da dariya, a tafa. Ba'ar tana da daɗin ji, Bahaushe kuwa bai taɓa rasa bakin magana ba. Sai dai tana da ɓarna, domin mutumin da yake da girma a unguwa ya fi tsoron dariyar majalisa fiye da gargaɗin likita. Da yawa likita ya ce musu su rage jiki, sun ji, sun kuma yarda, amma kunyar a ce Alhaji yana tuƙa feda kamar yaro ta sa sun koma sun zauna. Da masu wannan dariya nake magana, kuma ba zan yi musu ladabin shiru ba.

Asalin abin shi ne mun ɗauki tumbi mun mai da shi alamar girma. In mutum ya yi teɓa sai mu ce hutu ya karɓe shi, ya murje, kasuwa ta yi albarka. In ya rame da kilo biyar sai a bi shi da kallo: lafiya kuwa? Ko jari ne ya karye? Ko uwargida ce ba ta kula da shi? Wani ma a ƙulla masa ciwon da ba shi da shi. Haka ake yi wa mata, har ma fiye. Yarinya za a yi mata aure, sai a ɗura mata ƙwayoyin nan da ake kira sha-ka-fashe don kada dangin miji su ce ba ta cika ido ba, alhali wasu daga cikin ƙwayoyin magungunan asibiti ne masu ƙarfi, waɗanda ke kumbura fuska, su ta da sukarin jini, su hau da hawan jini.

Wannan ra'ayi yana da tarihi, ban musa ba. A zamanin da abinci yake da wuya, mai ƙiba shi ne wanda rumbunsa bai ƙare ba. To amma mu tuna su wane ne suka kafa zangunan nan. Fatake ne da suka taso daga Kano da Katsina da Sakkwato, suka keta ƙasar Bargu da jakunansu, da kanwa da fatu da tufafi, suka yi watanni a hanya kafin su ga Salaga, sa'an nan su juya da goro. Bayan yaƙin da ya watsa Salaga a 1892, suka bazu zuwa Karaci da Yeji da Atebubu da Kintampo, har suka gangaro ƙasar Tonawa. Mutumin da ya wuni yana bin jaki a ƙafa, in ya sauka ya dama fura cike da ƙwarya, ya bi ta da malmalar tuwo uku, babu abin da zai kwana a jikinsa. Mu kuwa mun gaji akushinsu, ba mu gaji tafiyarsu ba.

Dubi wunin ɗayanmu a yau. Masallacin da ke bayan gida, a kan babur za a je. Kejetia kuwa sai a firagiya ko tirotiro. A isa shago a zauna a kan benci tun safe har la'asar. Da safe an sha koko wanda aka zuba wa sukari da ludayi, da ƙosai da funkaso masu ɗigar mai. Da rana wake da shinkafa, an ɗora taliya, an barbaɗa gari, ga ganda ga ƙwai ga shito yana iyo a mai. Tsakanin azahar da la'asar a sha burkina mai sanyi. Da dare tuwon zafi, bayan isha'i kuma a koma wurin mai shayi a sa a yi haɗi mai kauri da madarar gwangwani, a haɗa da tsire. Ranar suna ko biki, lemon kwalba ne ke bin kowane faranti. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake haram ko abin ƙyama, abincinmu ne, ni ma da shi na tashi. Yawansa ne, da zaman da ake yi a kansa, ya zama abin da ya zama.

Aikina na magatakarda ya sa takardu iri biyu suna yawan bi ta hannuna: sanarwar rasuwa, da takardar neman gudummawa don wanda ke kwance a asibiti. Sunayen cututtukan da nake rubutawa ba su cika canzawa ba. Ciwon sukari, hawan jini, shanyewar ɓarin jiki, wankin ƙoda, yanke ƙafa. Masu su kuma galibi ba tsofaffi tukuf ba ne, magidanta ne da 'ya'yansu ke makaranta. Wanda ba ya ganin takarduna, ya ɗaga kai ranar Juma'a ya ƙirga kujerun roba da ke gefen sahu, ya tuna ko nawa ne a lokacin da yake yaro. Wasu tsufa ne ya zaunar da su, wasu haɗari, Allah ya ba su lafiya. Amma akwai waɗanda ba su kai sittin ba, gwiwa ta gaza ɗaukar nauyin da aka aza mata, sujada ta gagare su. Mutum ya rasa kai goshinsa ƙasa saboda abin da muke yaba masa a kansa, sa'an nan in ya tashi neman magani mu yi masa dariya.

Za a ce ajali ba ya jiran ƙiba ko rama. Gaskiya ne, siriri ma yana mutuwa. Amma mai faɗin haka yana kulle shagonsa da kwaɗo biyu kowane dare, bai taɓa barinsa a buɗe ya ce arziki na Allah ne ba. Malamanmu tun muna allo suka karantar da mu cewa jiki amana ne, kuma ciki ana raba shi uku ne, ba a cika shi da abinci kaɗai.

Za a kuma ce, ina amfanin keke, ba ga hanya nan ba, mutum ya taka da ƙafarsa? Wannan magana ce mai kyau, kuma duk wanda zai iya tafiyar sauri ta rabin sa'a kullum ba ya bukatar sayen komai. Sai dai a faɗa mini wane titi ne a unguwanninmu dattijo zai yi wannan tafiya, tsakanin buɗaɗɗen kwata da babura da masu talla. Ko ya sami hanyar, mutumin da aka sani ba ya taku ashirin ba a tsai da shi ba: a gaisa, a tambayi iyali, a kawo masa ƙara, a ja shi ta'aziyya. Ga damina, ga matan da ba su saba fita ba, ko waɗanda ba za su yarda a gan su suna haki a titi ba. Ga kuma mai nauyin jiki wanda kowane taku yake ji a gwiwarsa. A kan keke sirdi ne ke ɗauke da nauyin, ƙafa tana juyawa kawai, ba ta dukan ƙasa. Wannan shi ne dalilin da ya sa likitoci ke yawan nuna shi ga masu ciwon gwiwa. In tsada ce, akwai na gwanjo, kuma keke ɗaya ya ishi gida mai mutum goma. Matan da ke iya haɗa adashi su sayi atamfar anko ba za su kasa haɗa na wannan ba.

Yanzu bari in juya ga masu keken, domin su ma akwai abin da zan gaya musu, kuma ba mai daɗi ba ne. Keke kaɗai ba ya sauke tumbi. Abin lissafi ne, mu kuwa 'yan kasuwa ne, mun san shiga da fita. Ƙarfin da abinci ke ba jiki ana auna shi da kalori. Babban mutum da ya tuƙa keke rabin sa'a da matsakaicin ƙarfi yana ƙona tsakanin kalori 200 zuwa 300. Kilo ɗaya na kitsen jiki kuwa yana ɗauke da kimanin kalori 7,700. Ke nan in bai taɓa abincinsa ba, sai ya yi kusan wata guda yana hawa kullum kafin kilo ɗaya ya tafi. A ɗaya gefen, cokali ɗaya babba na mai kalori 120 ne. Kwalbar lemo guda tana da sukari kimanin cokalin shayi takwas zuwa tara, wajen kalori 140. Wanda ya sauko daga keke yana gumi ya ce bari ya saka wa kansa da kwalba biyu masu sanyi, ya mayar da duk abin da ya fitar kafin gumin ya bushe. Irinsa ne bayan wata biyu zai ce keken banza ne, ya mai da shi maratayin riguna, masu dariya kuma su sami hujja.

Babban aikin yana cikin kwano. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya wuce kimanin cokalin shayi 12 a wuni, in so samu ne ma 6, gishiri kuma kada ya kai giram 5, wato cokalin shayi ɗaya har da wanda ke cikin dunƙulen ɗanɗano. Kofin shayinmu ɗaya yakan cinye rabin wannan ƙa'ida. Ba sai an koma cin abincin Turawa ba. A rage malmala daga uku zuwa biyu, a yawaita miyar kuka da ayoyo da kuɓewa, a sa wake ya rinjayi shinkafa, a tsame man da ke iyo a saman miya, a sha koko da sukari kaɗan har harshe ya saba, a mai da lemon kwalba abin ranar salla. Wanda ya rage kimanin kalori 500 a wuni tsakanin kwano da keke zai riƙa sauke wajen rabin kilo a mako, kuma wannan saukar a hankali ita ce mai zama.

A nan dole in yi magana da iyayenmu mata da masu masauki. Hajiya, in maigida ya ce a rage masa tuwo, ba raina girkinki ya yi ba. Kai kuma mai gida, in baƙo ya ce ya ƙoshi, daina rantse masa da Allah sai ya ƙara. Karamci ne a wurinka, amma wataƙila mutumin nan da allurar insulin ya fito daga gida.

Sai kuma 'yan kasuwar da suka shigo tsakani, masu shayin narka tumbi da ɗamarar roba da man shafawa, waɗanda suka cika Facebook da WhatsApp da hotunan kafin da bayan. Yawancin irin wannan shayi abin da ke cikinsa mai sa gudawa ne, dangin filasko, ko mai sa yawan fitsari. Ma'auni zai nuna an ragu, amma ruwa ne ya fita, kuma zai dawo da kofin farko. Haka gumin da ɗamara ke tatsowa. Babu wani shayi ko mai ko motsi da ke zaɓar kitsen ciki shi kaɗai ya narkar, jiki yana ɗiba daga ko'ina ne yadda aka halicce shi. Mai ƙodar da ciwon sukari ya riga ya taɓa, in ya ɗora mata wannan shayi, kansa ya cuta da kuɗinsa. Abin mamaki, wanda ya sha wannan ba a yi masa ba'a a majalisa, sai wanda ya hau keke.

Ba kuma ana neman kowa ya koma kamar sanda ba ne. A Amurka an yi wani babban bincike a kan mutum fiye da 3,000 waɗanda ke bakin kamuwa da ciwon sukari, aka fitar da sakamakonsa a 2002. Waɗanda aka sa su nemi rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, su kuma motsa jiki minti 150 a mako, kamuwarsu da ciwon ta ragu da kashi 58 cikin 100 in an gwada da waɗanda ba su yi ba, har sun fi waɗanda aka ba ƙwayar magani. Ga mai kilo 100, kilo bakwai ke nan. Minti 150 kuwa rabin sa'a ne sau biyar a mako, ƙasa da abin da ake ɓatawa a zama ɗaya wurin mai shayi.

Mai farawa ya fara da minti goma, ya riƙa ƙarawa mako bayan mako. Ya daidaita sirdi yadda in feda ta kai ƙasa gwiwarsa za ta ɗan lanƙwasa kaɗan, domin sirdin da ya yi ƙasa shi ke jawo ciwon gwiwa. Ya tuƙa da ƙarfin da zai iya magana amma ba zai iya jan doguwar ƙira'a ba. Mai ciwon zuciya ko hawan jini, da mai shan maganin sukari, su ga likita tukuna, kuma duk wanda ya ji ƙirjinsa ya ɗaure ko jiri ya ɗebe shi ya sauka nan take ya nemi asibiti.

Babbar riga tana da sutura, shi ya sa da yawanmu ba su san inda suka kai ba. Wanda yake ganin maganar nan ba da shi ake ba, ya je wurin telansa ya ce a buɗe masa littafin awo, a duba na sallar shekara biyar da ta wuce da na bana. Sa'an nan ya karɓi tef ɗin ya zagaya shi daidai cibiya, ba ƙarƙashin tumbi inda ake ɗaure wando ba, kuma kada ya shanye ciki. Ga namiji, daga inci 37 haɗari ya fara, daga inci 40 ya yi yawa. Ga mace, daga inci 31 da rabi ya fara, daga kusan 35 ya yi yawa. Ya rubuta abin da ya gani a takarda, ya zo da ita majalisa ranar da za a sake yi wa mai keke dariya.